Ra'ayi: Abin da ba ya fitowa a hoton Hasumiyar Eiffel

Duk ma'aikacin da ya taɓa shiga tawagar gwamnati zuwa ƙasar waje ya san yadda ranar ƙarshe take kasancewa. An rufe taro da hantsi, jirgi sai dare, sai a cika mota a nufi inda kowane baƙo ke zuwa. A Paris, Hasumiyar Eiffel ce. A Dubai, Burj Khalifa. A Indiya kuwa, idan lokaci ya bari, sai a yi takakkiya har birnin Agra domin Taj Mahal. Oga ya gyara zaman hula, hadimi ya durƙusa da waya a hannu yana neman inda hasumiyar za ta fito gaba ɗayanta, kafin a isa filin jirgi hoton ya gama zagaya zaurukan WhatsApp na ofis da na dangi.

Wannan ba laifi ba ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana tura fayil daga tebur zuwa tebur ya cancanci ya tsaya gaban abu mai kyau ya yi murmushi. Abin da ke da ban takaici shi ne, cikin duk masu ɗaukar hoto a wurin, shi ne ya fi kowa sanin irin aikin da ya samar da kyawun, amma ya dawo gida bai tambayi komai ba.

Hasumiyar Eiffel ƙarfe ce zalla, an kammala ta a 1889, kuma da an yi mata riƙon sakainar kashi da tuni tsatsa ta cinye ta. Kusan duk shekara bakwai ake sake fente ta, da hannu, da fentin da ya kai tan 60. Kogin Seine da ke wucewa kusa da ƙafafunta, wanda ke ƙyalli a bayan oga, an haramta wanka a cikinsa tun 1923 saboda haɗari da ƙazanta. Sai da aka kashe kimanin Yuro biliyan 1.4 wajen gyaran magudanan ruwa da tace dagwalo kafin a sake buɗe wasu sassansa ga masu ninƙaya a watan Yulin 2025. Kasafin kuɗi ne, da kwangila, da sa ido, da wani darakta da ya ƙi sa hannu a takardar biya sai ya ga aiki da idonsa. Wato dai irin aikin da ake yi, ko ake gaza yi, kullum a Sakatariyar Tarayya.

Labarin Taj Mahal ya fi wannan kusa da gida, domin Indiya ta san cunkoso da hayaƙi da jan ƙafar hukumomi. Farin dutsen ginin ya soma komawa rawaya saboda hayaƙin masana'antu, har wani lauya mai suna M.C. Mehta ya kai ƙara. A watan Disambar 1996 Kotun Ƙolin ƙasar ta umarci masana'antu 292 da ke yankin su daina ƙona kwal su koma iskar gas, ko kuma su tashi. A yau motocin fetur da na dizal ba sa kusantar ƙofar ginin, baƙo ya ƙarasa da ƙafa ko a motar lantarki. Lokaci-lokaci kuma ana shafe dutsen da wata irin laka, a bar ta ta bushe, a wanke, ta fita da dattin. Ba a ce komai ya gyaru ba, kogin Yamuna da ke bayan ginin har yanzu gurɓatacce ne. Mai hoto dai ba ya juya kyamara wajen.

A nan Afrika, Ruwanda na karɓar har Dala 1,500 daga baƙon ƙetare da ke son ganin goggon biri a tsaunukan arewacin ƙasar. Mutum takwas kacal ake bari su kusanci garke guda a rana, su yi awa ɗaya su koma, sannan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shiga gandun ana ware shi ne domin ayyukan ƙauyukan da ke kewaye. Wani ne ya zauna ya rubuta waɗannan ƙa'idoji, wani ya kare su a gaban minista. Su ma waɗanda baƙi suka yi wa yawa dabarar ofis suka nema: birnin Venice ya fara karɓar Yuro 5 daga masu yini ɗaya a 2024, a shekarar kuma wani gari a Japan ya kafa baƙin labule a bakin titi domin ya hana cincirindon masu ɗaukar hoton Dutsen Fuji tare hanya.

Sai batun kuɗi, wanda a nan gizo ke saƙar. Mai yawon buɗe ido da ya tara guminsa ba shi da wanda zai yi wa bayani. Ma'aikaci kuwa tikitinsa da masaukinsa da kuɗin guzurinsa daga baitulmali suka fito. Ba a manta da hayaniyar taron sauyin yanayi na Dubai a 2023 ba, lokacin da aka ga sunaye 1,411 a jerin wakilan Najeriya, gwamnati ta fito ta ce mutum 422 ne ta ɗauki nauyinsu. Bayan 'yan watanni Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen jami'ai zuwa waje da kuɗin gwamnati na wata uku, daga 1 ga Afrilun 2024. Talakan da ke kokawa da tsadar shinkafa ba ya ganin rahoton taro, hoton yake gani, kuma da hoton yake yanke hukunci. Dakatar da tafiya na iya rage ɓarna, sai dai ba ta amsa tambayar da ta fi muhimmanci: wanda ya je, me ya dawo da shi?

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka ko kwamiti. Rahoton da ake rubutawa bayan kowace tafiya, wanda galibi kwafar ajandar taro ce, ana iya ƙara masa shafi guda kan wurin da tawaga ta ziyarta: wace hukuma ke riƙe da shi, nawa ake biya a ƙofa, ina kuɗin ke zuwa, wa ke share wurin da asuba. Hadimi ya fi oga dacewa da rubuta wannan shafi, domin shi ya sayi tikiti, shi ya bi layi, shi ya nemo makewayi ya ga ko akwai ruwa a ciki. Oga sau da yawa ta ƙofar manya aka shigar da shi.

Wuraren da za su amfana da wannan shafi ba su da nisa. Tsaunin Sukur na Jihar Adamawa yana cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 1999, dajin Osun-Osogbo tun 2005. Magangarar ruwa ta Gurara tafiyar yini ce daga Abuja, a je a dawo kafin magariba. Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar Naira 100, yana nan tsaye a bakin hanyar Kaduna daf da Madalla, kuma yawancin ma'aikatan da ke da hotonsa a waya ta tagar mota suka ɗauka, direba bai ko rage gudu ba.