Sarautar gado a Kudancin Kano: Rawani na gida, alƙalami na gwamna

A cikin shekara biyar kacal, dagatai da masu unguwannin Bebeji, Tudun Wada da Doguwa sun sauya fadar da suke kai gaisuwa har sau biyu.

A watan Mayun 2019, da gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, aka ce musu Rano za su riƙa kai caffa. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu kan dokar da ta rushe masarautun, suka koma ƙarƙashin Kano. Bayan wata biyu aka dawo da Rano a matsayin masarauta mai daraja ta biyu, amma da ƙananan hukumomi uku kawai: Rano, Bunkure da Kibiya.

Dattawan yankin sun taɓa ganin irin wannan. Abubakar Rimi ya ɗaga darajar wasu sarakuna, ciki har da na Rano, a 1981, Sabo Bakin Zuwo ya zo ya soke a 1983. Ke nan duk wanda ya haura shekara hamsin ya ga an ɗaga an sauke har zagaye biyu.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce: sarautar da ake kira ta gado, mene ne amfanin gadon idan kowane sabon gwamna zai iya sake mata iyaka da daraja?

Yadda ake gadon Duke a Ingila

Akwai darasi a wata tsohuwar sarautar gado ta Ingila, wato Duke na Norfolk. Sarki Richard na Uku ne ya ba John Howard wannan sarauta a 1483, kuma har yau tana hannun zuriyarsa. Mai riƙe da ita yanzu, Edward Fitzalan-Howard, shi ne na 18, ya gaji mahaifinsa a 2002. Gidansu ne ke da gadon shirya manyan bukukuwan fada, shi ya sa shi ya jagoranci shirin jana'izar Sarauniya Elizabeth a 2022 da bikin naɗin Sarki Charles a 2023.

Kada a ɗauka gidan bai sha wuya ba. John Howard ya mutu a fagen yaƙi a 1485, aka ƙwace sarautar, sai a 1514 aka mayar wa ɗansa. An fille kan Duke na huɗu a 1572 bisa zargin cin amanar sarauniya, sarautar ta kwanta har 1660. Su ma sun ga zamanin da ran mai mulki ke ɓaci a tuɓe mutum.

Abin da ya bambanta su a yau abu biyu ne. Na farko, ƙa'idar gadon a rubuce take, kowa ya san magaji tun kafin a yi rasuwa. Da Duke na 16 ya rasu a 1975 ya bar 'ya'ya mata huɗu babu namiji, sarautar ta tafi ga wani ɗan uwansa na nesa kamar yadda ƙa'ida ta tanada, babu kamun ƙafa, babu jiran sanarwa daga gidan gwamnati.

Na biyu, 'yan siyasar Birtaniya sun rage wa masu sarautar gado iko, amma ba su taɓa layin gadon ba. A 1999 majalisa ta cire yawancinsu daga Majalisar Dattawan ƙasar, ta bar 92. Kujerar majalisa ta tafi, sarautar ta zauna a gidanta.

Tsarin Hausa ya fi sassauci

Wannan ba kira ba ne a kwaikwayi Turawa a ce lallai sai ɗan fari. A ƙasar Hausa gida ne ke gado, masu zaɓe kuma su duba cikin 'ya'yan gidan su fitar da wanda ya fi hankali da haƙuri da sanin jama'a. Ƙane na iya gadon wa, ɗan wa na iya gadon baffa. Wannan ya fi dacewa da aikin da ake nema daga mai rawani, domin haihuwa da wuri ba ta ba mutum iya shari'a tsakanin maƙwabta. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a littafinsa Kitabul Farƙ, ya soki karɓar mulki ta gado da ƙarfi ba tare da shawara ba.

A fadar Kano kanta haka abin yake. Sarautun Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta kowacce tana da gidan da aka san ta da shi, kuma su ne masu zaɓen sarki.

Matsalar ita ce sassaucin nan yana da ƙofa a buɗe. Tunda 'yan takara suna da yawa, kuma ƙa'idar tana cikin kan dattawa ne kawai, duk wanda yake da ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma a bayansa yana iya shigowa ta wannan ƙofa. Idan bango bai tsage ba, ƙadangare ba ya samun wurin shiga.

Abin da yankin zai yi asara

Kudancin Kano ba ƙasar da ba ta da tarihi ba ce. Rano na cikin Hausa Bakwai, sarkinta ne ake yi wa laƙabi da Autan Bawo. A Burum-Burum, cikin Tudun Wada ta yau, Sarkin Kano Muhammadu Alwali ya gamu da ajalinsa wajen 1807, mulkin Kutumbawa ya ƙare. A farkon 1903 kuma, rundunar Turawa da ta taso daga Zariya ta fara cin karo da turjiya ne a Bebeji, inda aka harba igwa a ƙofar gari, sarkin garin ya rasa ransa, kafin Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu.

Yawancin wannan tarihi a bakin tsofaffi da maroƙan fada yake. Duk tsohon da ya rasu, ya tafi da jerin sunayen da babu wanda ya rubuta.

Maganar kuma ba ta tarihi kaɗai ba ce. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar ikon mulki daga hannun En'e, Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamna, kundin tsarin mulkin 1999 bai ba sarakuna wani aiki ba. Duk da haka, idan rigimar iyakar gona ta tashi a bakin madatsar Tiga, ko shanu suka shiga shuka a ƙauyukan da ke gefen dajin Falgore, ƙofar mai unguwa da dagaci ake fara zuwa. Shi ya san inda kakan wane ya kafa iyaka, shi ya san baƙon da ya sauka jiya.

Ƙarfinsa ɗaya ne tak: jama'a sun yarda cewa na kowa ne. Ranar da aka fara kallonsa a matsayin dagacin jam'iyya kaza, rabin gari ya daina kai masa ƙara. Rigimar da za ta mutu a zaure sai ta tafi ofishin 'yan sanda, ko ta ƙare da sanda da adda.

Mafita

Abu na farko yana hannun gidajen sarautar da kansu. Kowane gida a Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa ya zauna da dattawansa da limamansa ya rubuta jerin waɗanda suka yi sarauta, da ɗakunan da ke da haƙƙin nema, da waɗanda ke zaɓe. A ajiye kwafi a fadar hakimi, a kai wani ga masana tarihi a Jami'ar Bayero. Wannan ba ya buƙatar izinin kowa.

Na biyu yana kan Majalisar Dokokin Jihar Kano. Dokar da za ta raba masarauta ko ta haɗe ta bai kamata ta wuce cikin kwana ɗaya ko biyu ba. A wajabta zaman jin ra'ayin jama'a a garuruwan da abin ya shafa, a Riruwai da Ƙiru da Bebeji, kafin a kaɗa ƙuri'a.

Na uku yana kan masu rawanin. Wanda ya hau dandalin kamfe da alkyabba ya sani cewa ya ba gwamnan gaba dalilin taɓa shi.

Wasu za su ce gwamnati ce ke biyan albashi, don haka dole ta sa baki. Gaskiya ne tana da haƙƙin tabbatar da naɗi da hukunta wanda ya ci amana, bayan bincike a fili. Amma tabbatar da zaɓin gida daban, zaɓar wa gida daban.

Wa'adin gwamna shekara huɗu ne, in ya yi sa'a takwas. Manomin Doguwa kuwa zai ci gaba da buƙatar wanda zai raba shi da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, ko wace jam'iyya ce ke gidan gwamnati.