Ƙarfin Superman, Don Wa Aka Yi Shi?

'Yan'uwana ɗalibai da malamanmu, akwai wata al'ada da na ga ta kamata mu sake dubawa tun ba mu kama alli ba. Malami ya tarar da yaro ya ɓoye littafin labari na zane-zane a ƙarƙashin tebur, da hoton wani ƙato mai jan mayafi yana ɗaga mota, sai ya ƙwace, ya ce shirme ne. Ni a ganina wannan gaggawa ce. Wannan ƙato sunansa Superman, kuma in an bi tarihinsa za a ga akwai darasi a ciki wanda ya isa a kai shi aji, watau tambayar nan: in mutum ya sami ƙarfi, a kan wa zai ɗora shi?

Samari biyu ne suka ƙago shi a birnin Cleveland na Amurka, Jerry Siegel mai rubuta labari da Joe Shuster mai zane. Dukansu an haife su a 1914, 'ya'yan Yahudawa ne waɗanda iyayensu suka yi ƙaura daga Turai, ba su da wani abin hannu. A 1932 ɓarayi suka shiga kantin uban Siegel, tsohon ya faɗi ya rasu. Samarin suka yi ta yawo da labarinsu shekara da shekaru, masu buga jaridu suna ƙi, sai a 1938 aka buga shi cikin fitowar farko ta mujallar Action Comics, shafi 13, ana sayar da mujallar santi 10.

Ga yadda labarin yake. Wata duniya ce mai nisa, ana ce da ita Krypton, ta zo halaka. Wani masani ya sa jaririnsa cikin jirgi ya harbo shi duniyarmu. Wasu mata da miji, masu suna Kent, suka goye shi, suka raɗa masa suna Clark. Da ya girma ya zama ɗan jarida, sanye da tabarau, yana nuna kamar matsoraci ne, har abokiyar aikinsa Lois Lane tana raina shi, ba ta san shi ne jarumin da take yabo ba.

To, abin lura shi ne waɗanda ya fara tunkara. A fitowar farko ya fasa gidan gwamna da dare don ya ceci wata mace da za a kashe kan laifin da ba ta yi ba. Ya kama wani mai dukan matarsa ya maka shi da bango. Ya bi wani mai saye 'yan majalisa da toshiyar baki har Washington. A fitowa ta uku ya rutsa da wani mai ramin haƙar ma'adini cikin ramin nasa, don ya ɗanɗana abin da leburorinsa suke sha. Zamanin kuwa na matsi ne a Amurka, miliyoyin mutane ba aikin yi. Yaran talakawa biyu suka zauna suka zana mutumin da suke fata a ce akwai shi, wanda azzalumi zai gani gwiwarsa ta yi sanyi.

A lokacin nan ko tashi sama ba ya yi, tsalle kurum yake yi na yadi 220, ya kuma tsere wa jirgin ƙasa. Daga baya ne marubuta suka yi ta ƙara masa, ya tashi kamar shaho, ya gani ta cikin bango, har ya kai ga tura duniyoyi. Nan fa suka shiga uku, gama wanda ba abin da zai kā da shi, labarinsa ba ya sa gaban mai karatu ya faɗi. Sai a 1943, cikin shirinsa na rediyo, aka kawo wani dutse, ɓarɓashin duniyarsa ta asali, mai suna kryptonite, wanda in ya kusance shi jikinsa ya mutu. Babban abokin gābansa ma, Lex Luthor, wanda ya bayyana a 1940, mutum ne kamar kowa, ilmi da dabara kaɗai ya dogara gare su. Ashe masu labarin da kansu sun gane ƙarfi tsagwaronsa ba ya riƙe mai karatu. Abin da ke riƙe shi, ganin mai ƙarfi yana danne hannunsa, yana yarda a raina shi a ofis alhali da yatsa ɗaya zai iya rushe ofishin.

Shirin rediyon nan ya yi wani abin da ba a manta ba. A 1946 aka yi kashi 16 a jere inda Superman ya kara da wata ƙungiya mai rufe fuska, wadda kowa ya san Ku Klux Klan ake nufi, masu ƙin baƙar fata da baƙi. Yaran Amurka suka ji jaruminsu yana tona asirin masu wariya, a zamanin da wariyar take doka a jihohin kudu.

Masu suka fa suna da tasu hujja, ba kuwa za a ƙi saurarensu ba. A 1948 an tara irin littattafan nan an ƙone a wasu garuruwan Amurka. A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya buga littafi yana cewa suna ɓata tarbiyyar yara, har majalisar dattawa ta zauna a kan maganar, kamfanoni suka kafa wa kansu hukumar tace labari. Abin tsoron shi ne yaro ya ɗauka dantse ke raba gardama, ko ya naɗe hannu yana jiran wani ya sauko daga sama ya share masa hawaye. Lalle wannan abin dubawa ne. Amma ƙwace littafi ba ya cire wannan tunani daga kan yaro. Tambaya ke cire shi. A ce da shi, wa ya ba Superman izinin fasa ƙofar gwamna? In da mugu ne ya sami wannan ƙarfi fa, wa zai tsawata masa?

Saura kuma labarin samarin nan biyu, wanda ya fi na jarumin ban tausayi. Dala 130 aka ba su, suka sa hannu suka sallama Superman ɗungum ga kamfanin da daga baya ya zama DC Comics. Gaskiya an ɗauke su aiki, sun kuma ci albashi mai tsoka 'yan shekaru. Amma da suka kai ƙara a 1947 suna neman abinsu, ba su sami Superman ba, aikin ya suɓuce, aka goge sunayensu daga mujallar. Shuster idonsa ya raunana, ya koma kai saƙo. Siegel ya koma aikin akawu. Sai a 1975, ana shirin babban fim ɗin da ya fito a 1978, 'yan'uwansu masu zane suka yi ta kuka a jaridu, kamfani ya ji kunya ya yanka wa kowannensu dala 20,000 a shekara, ya mai da sunayensu. Shuster ya rasu a 1992, Siegel a 1996. A 2024 kuwa an sayar da kwafi ɗaya na fitowar farkon nan dala miliyan 6. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka shawarata ga mai shirin zama malami ita ce, in ka kama yaro da littafin Superman, bar shi ya karanta wa aji. Sa su ba da labarin da bakinsu, su rubuta, su zana nasu jarumi, su faɗi wanda zai ceta a unguwarsu. Sa'an nan ka ba su labarin Siegel da Shuster, ka koya musu kada su sa hannu a takardar da ba su fahimta ba. Kai kanka kuma ka tuna, ran da ka shiga aji kai ne mai ƙarfi a ɗakin, yara arba'in ko fiye suna kallon inda za ka ɗora ƙarfin naka. Allah ya sa mu ɗora shi inda ya dace, amin.