A Bar Yarinya Ta Sassaƙa Da Hannunta

A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu da ya faru a ajina a nan Kucheri, domin na tabbata irinsa na faruwa a Tsafe da Bungudu har cikin Gusau.

A zangon da ya wuce na ba 'yanmatan ajina aikin hannu. Na ce kowace ta samo guntun itace ta sassaƙa wani abu, ta shafa masa fenti, ta kawo bayan mako uku. Ranar karɓa sai na ga abubuwa iri uku. Wasu sun kawo ludayi ko 'yar kujera a karkace, amma ko ba a faɗa ba ka san hannunsu ne. Wasu sun kawo akushi sumul, wanda uwa ta aika aka sayo a kasuwa. Wasu kuwa hannu biyu suka zo, wai an ce musu a gida sassaƙa yin gunki ne.

To, ke uwa mai tsoron gunki, tsoronki yana da tushe, kuma ni ma ba zan sa 'yarki ta sassaƙa mutum ko dabba ba. Amma dubi ɗakinki da madafarki. Turmi da taɓarya da muciya da akushi da allon da yaranki ke zuwa da shi makarantar Alkur'ani, duk masassaƙi ne ya fitar da su daga itace. Dagin Arewa da ke jikin rigar maigidanki ma ana iya fitar da shi a kan katako a ƙawata shi da launi. Idan wani abu ya shige miki duhu, ki aiko a tambayi malamar kafin ki hana.

Ke kuma da kika sayo, na san ƙauna ce ta sa. Kina gudun kada 'yarki ta ji kunya a gaban ƙawayenta. Amma kin koya mata cewa kuɗi na iya sayen maki, kuma wannan darasi ya fi yankan wuƙa illa. Ni dai na fi ba karkataccen ludayi maki a kan akushin kasuwa, domin da koyo akan iya.

Taimakon da ake so daga gare ki ga shi. Da farko kada ki bari yarinya ta shiga daji neman itace, kowa ya san halin da dazukanmu ke ciki. A roƙi kafinta ko masassaƙin unguwa ragowar guntaye. A zaɓi mai taushi kamar gurjiya ko dashi. Ƙirya kam a bar wa masu yin turmi, ta fi ƙarfin hannun yarinya. Kuma ya zama busasshe, don ɗanye yakan tsage bayan an gama wahala.

Sa'an nan ke 'yarmakaranta, ki fara zana abin a takarda, ki mayar da zanen jikin itacen da fensir. Aikin gizago ki bar wa babba ya rage miki. Naki shi ne na ƙaramar wuƙa, kina turawa gaba, ba wajen jikinki ba, kina cire kaɗan kaɗan. Abin da kika yanke ba ya komawa. In kin gama ki goge da samfefa har sai ya yi santsi. Ki fara shafa farin fenti, ki bari ya bushe a inuwa inda ƙura ba ta kai, kana ki bi da sauran launuka ɗaya bayan ɗaya. Mai gaggawa ita ke ganin ja ya malale cikin kore.

Akwai gargaɗi guda da ba na so ku manta. Wasu fentin mai suna ɗauke da dalma. Mu a Zamfara mun san dalma, domin a 2010 gubarta daga wuraren sarrafa zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Saboda haka a nemi fenti na ruwa irin na makaranta. Duk abin da aka yi wa fenti na ado ne, kada a zuba tuwo ko fura a ciki, kada kuma a bar ƙanenta ya sa a baki. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci.

Wata za ta ce me aikin hannu zai tsinana wa 'ya mace? Ki juya takardar Naira 20 ki dubi bayanta. Matar da ke ginin tukunya a wurin Ladi Kwali ce. A gida ta koya tun tana ƙarama. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, garin da yanzu ake kira Suleja, ita ce mace ta farko a can. Ba ta yi zurfin karatun boko ba, amma a 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa. Da an karɓe yumɓun daga hannunta an sayo mata tukunya, da yau ba wanda ya san sunanta.

Zango mai zuwa zan sake ba da wannan aiki. Ina roƙonku ku ba yarinya wuri a gindin bango, ku ɗauke mata ɗiban ruwa na yamma ɗaya ko biyu, ku zauna kusa kuna lura da wuƙar. In ta gama, ko yaya ya fito, a ɗora shi a kan kabad inda baƙi za su gani. Allah Ya raya mana su, Ya sa albarka a hannuwansu, amin.