Wa Ya Ce Ba Ma Son Karatu?



Kusan kullum a wajen asambule sai an ce yaran yanzu ba sa son karatu, waya da kallo kawai suka sani. Mu 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare muna da ja a kan wannan magana, kuma shaidarmu wani tsohon littafi ne da bangonsa ya cire.

A farkon zangon nan wata 'yar ajinmu ta zo da Ruwan Bagaja na yayanta. Kafin sati uku sai da monita ya buɗe takardar layi, kowa kwana biyu kacal, wanda ya ƙara kwana ya share aji. Akwai waɗanda suka bar cin abinci lokacin tara saboda shi. Har wani yaro da kowa ya san ba ya buɗe littafi sai an ɗaga bulala ya zo yana roƙon a sa shi a gaba.

Ga wanda bai sani ba, Abubakar Imam ne ya rubuta shi don wata gasa da aka yi a 1933, aka buga shi a 1934. A lokacin shekarunsa ashirin da biyu ne, bai ma kai wasu malamanmu masu bautar ƙasa ba. Labarin Alhaji Imam ne, wanda ya bar gida ya shiga duniya neman ruwan da zai warkar da ɗan Sarki, har tafiya ta kai shi cikin aljanu.

Amma ba aljanun ne suka fi ɗauke mana hankali ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Duk garin da suka haɗu da Alhaji, wanda ya samu dama sai ya jefa ɗan'uwansa cikin wahala. Ajinmu ya rabu biyu a kansu. Masu goyon bayan Alhaji suka ce niyyarsa mai kyau ce, magani ya fita nema. Masu goyon bayan Zurƙe suka ce ai Alhaji ne ke ba da labarin da bakinsa, dole ya gyara kansa, da Zurƙe aka ba dama da mun ji wani abu daban. Wata kuma ta ce duk su biyun 'yan damfara ne, ita mutanen da suka cuta a hanya take tausayi. Mun kwana uku muna wannan musu, kuma babu malamin da ya ba mu shi a matsayin aikin gida.

Rannan aka kama littafin a hannun wani ana cikin darasin lissafi, aka ƙwace. Wannan laifinmu ne, mun amsa, lokacin lissafi na lissafi ne. Abin da ya yi mana ciwo shi ne da aka ce labarin ƙarya ne, zai koya mana wayon banza. Mun san ƙirƙira ce, babu wanda ya ɗaura jaka zai tafi neman ruwan. Kuma da wayon banza muke koya, ai da ba mu tsaya tuhumar Alhaji ba.

To ina za mu karanta shi? Laburarenmu a kulle yake yawancin lokaci, in an buɗe kuma ba a ba da aro. Muna roƙon shugaban makaranta ya sa a riƙa buɗe shi lokacin tara, a kuma ware mana ko minti talatin ne ranar Juma'a. In da hali, ƙungiyar iyaye da malamai ta sayo mana kwafi goma, a haɗa da Magana Jari Ce da Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka ce mana yayan Abubakar Imam ne. Mun yi alkawarin sa musu bango da kanmu.

Af, namu kwafin an dawo mana da shi, mun gode. Sai dai tun asali shafukansa na ƙarshe sun yage, mu arba'in da wani abu duk a wuri ɗaya muka tsaya. Duk wanda ke da cikakke a gida, malami ko ɗalibi, don Allah ya ara mana ta hannun monitan aji biyu.