Harshe Ba Alƙalin Ruwa Ba Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwana ɗalibai, ruwan da muke sha a Lamashegu ba daga wuri ɗaya yake fitowa ba, shi ya sa ɗanɗanonsa ya bambanta daga gida zuwa gida. Ruwan famfo daga kogin Farin Volta ake jawo shi a Nawuni, a tace shi a Dalun, a zuba masa kulorin don kashe ƙwayoyin cuta, sannan ya iso Tamale. Warin maganin nan da wasu ke ƙi, na kulorin ne. Ruwan burtsatse kuwa yana kwance cikin duwatsun ƙarƙashin ƙasa, yana ɗaukar gishirinsu, don haka wani yake da zartsi. Ruwan sama ba shi da nauyi a baki, amma ya wanko ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye daga kan kwano. Shi kuma ruwan dam yana da ƙamshin ƙasa, har wasu dattawa na cewa ya fi kashe ƙishi.

Mazubi ma yana da nasa hannu. Randa tana sanyaya ruwa, tankin roba da ya wuni a rana yana ba shi warin roba, galan Kufuor da ba a wanke sosai ba tana sa masa ɗanɗanon man girki.

A darasin fikihu mun karanta cewa ana duba ruwa ta launi da ɗanɗano da wari. Risala ta Ibn Abi Zaid ta nuna cewa ruwan da ƙasar da yake zaune a kai ta canza shi, kamar ƙasa mai gishiri ko taɓo, ya halatta a yi tsarki da shi. To amma fa hukuncin alwala daban, lafiyar ciki daban. Ruwa yana iya zama mai tsarkakewa, a sha kuma ya kwantar da mutum.

Ra'ayina shi ne kada mu bar harshe ya zaɓa mana ruwa. Ƙwayoyin taifot da kwalara ba su da ɗanɗano. Ku tambayi iyayenmu labarin kurkunu a Savelugu: ruwan dam ne ya yaɗa shi, kuma wanda ya sha ba ya sani sai bayan kusan shekara. An ga mai kurkunu na ƙarshe a Ghana a 2010, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi a 2015. Tace ruwa yana cikin abin da ya kawo wannan nasara.

Wani zai ce, ai famfon ba ya zuwa kullum, da rani sai an sayi na tanka ko na leda. Gaskiya ne, kuma haƙƙinmu ne mu nemi a gyara. Kafin nan, in dole ta sa an ɗebo na dam, a tace shi, a tafasa, a rufe. In warin kulorin ne damuwa, a bar ruwan ya kwana a randa mai tsabta, zai ragu. A riƙa wanke randa da moɗa, a hana ƙannenmu tsoma hannu a ciki.

Lafiya amana ce. Allah Ya shayar da mu ruwa mai albarka, Ya tsare mu daga cuta, amin.