Hanyar Mambila: A Biya Leburan Kwalbati Kafin A Kira Katafila

Gishiri, man fetur, siminti, maganin asibiti, duk wani abin da mutanen Gembu ke buƙata daga cikin Najeriya ta babbar hanya ɗaya yake hawa: daga Bali zuwa Serti, daga Serti zuwa Mayo-Selbe, sannan a kama hawan da ke naɗe tsauni kwana bayan kwana har a tsinci kai a saman Mambila, wajen mita 1,600 sama da teku. Ta nan kuma shanu da katako da ganyen shayin Kakara suke gangarowa. Idan ƙasa ta zaftaro ta rufe kwana ɗaya tak, ƙaramar hukumar Sardauna ta shiga ɗaki an ja mata ƙofa.

Ina bin wannan hanya, kuma na san abin da ake faɗa duk lokacin da hakan ta faru. Direbobi su ce ruwa ne ya yi yawa, fasinja su ce ƙaddara, jami'ai su ce za a turo katafila. Ruwa kam yana yawa a Mambila, ba wanda ya musa. Amma ni a ganina yawancin ƙasar da ke zubowa kan titin nan sakaci ne ya tunkuɗo ta, kuma sakacin na abu mafi araha ne a duk aikin hanya, wato bai wa ruwa hanyar wucewa.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya ga yadda katanga ke faɗuwa a watan Agusta. Ruwan dare ɗaya ba ya kayar da ita. Marka ce ke jiƙa ta a hankali, ta yi nauyi, gindinta ya yi laushi, wata rana da asuba sai a ji rim! Gefen tsauni ma haka yake. Ruwa yana cika 'yan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa, ya ƙara mata nauyi, ya kuma rage riƙon da ƙwayoyin suka yi wa juna. Idan akwai yumɓu ko fa a ƙarƙashi, ruwan ba ya samun wajen nutsewa, sai ya kwanta a kai ya mai da wurin santsi. Ga shi kuma lokacin da aka fasa hanyar an yanke gindin gangaren, an cire ainihin abin da ke tokare da ƙasar da ke sama. Shi ya sa injiniya na gaske yake haƙa lambatu a saman yankan domin ya kama ruwa tun bai gangaro ba, ya yi wani a gefen kwalta, ya sa kwalbati, ya bar ramukan tsiyaya a jikin katangar da ke tare ƙasa.

To, ka sauka daga mota a ɗaya daga cikin kwanonin nan ka leƙa bakin kwalbati. Na leƙa. Yashi da ganye da robobin ruwa sun cika shi, har ciyawa ta tsiro a kai. Ruwan da ya kamata ya bi ta ciki sai ya hau titi, ya tsallaka, ya riƙa cin kafaɗar hanya ta gefen rami. Ɗaga kai kuma ka ga bishiya ta karkata, ka ga jan ruwa na tsattsafowa daga tsakiyar bangon ƙasa. Wani lokaci can sama akwai tsaga mai kama da baka, wadda makiyayi ya sani amma injiniya bai taɓa hawa ya gani ba. Tsauni yakan yi gargaɗi. Mai sauraro ne babu.

Dattawa suna tuna zamanin da kowane yanki na hanya yake da leburorinsa, da shebur da diga da baro, aikinsu kullum shi ne yashe magudana da cike ramuka. Yau muna da FERMA, wadda aka kafa a 2002 domin gyaran hanyoyin tarayya, amma al'adar da ta kama mu ita ce a jira abu ya lalace sarai sannan a ba da kwangila. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: ba a yanka zare, ba a ɗaukar hoto a bikin yashe kwalbati. (Kuma wannan hanyar ce fa ake sa ran za ta ɗauki manyan injunan tashar lantarkin Mambila da aka shekara da shekaru ana yi mana alkawarinta.)

Maƙwabtanmu na Kamaru, da tsaunukansu da namu duk jeri ɗaya ne, sun riga sun ɗanɗana. A ƙarshen Oktoban 2019 ƙasa ta rufta wa unguwar Gouache a Bafusam cikin dare, mutane fiye da 40 suka rasu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na gangaren Dschang, a kan hanyar zuwa Duwala, ranar 5 ga Nuwamban 2024. Ƙasa ta fara zaftarowa ta tare hanya. Aka kawo injuna ana kwashewa, motoci suna nan kusa. Sai ta biyu ta zo, wadda ta fi ta farko, ta binne motocin fasinja da ma'aikata. Yadda muke yi ke nan daidai: da an ce ƙasa ta zubo, sai kowa ya matso gindin wurin, 'yan acaɓa na neman ɓarauniyar hanya, masu talla na bin layi, ana yi wa mai katafila ihu ya yi sauri. Alhali tulin da ya zubo shi ne ke tokare da sauran, ana kwashe shi ana buɗe wa na sama ƙofa.

Ba kuma sai an yi wata doguwar tafiya neman dabara ba. Mutanen Sukur a Madagali, waɗanda UNESCO ta sa yankinsu cikin wuraren tarihin duniya a 1999, sun daɗe suna jera duwatsu hawa-hawa a gefen tsauni suna noma, ƙasarsu tana zaune. Jemar da muke saƙa da ita danginta ake dasawa layi-layi a gefen hanyoyi a ƙasashe da dama, saboda saiwarta tana nutsawa can ƙasa ta ɗaure gangare. Kejin waya cike da dutse ma yana tare ƙasa ya bar ruwa ya wuce, kuma matasan ƙauye za su iya haɗa shi. Mu ma masu amfani da tsaunin da namu laifin: sare bishiyun da ke saman hanya, ƙona daji da rani, da nome gangare har bakin yanka duk suna tsiraita ƙasa kafin ruwan farko.

Roƙona ga gwamnatin Taraba da ma'aikatar ayyuka ta tarayya da wakilan Gashaka, Kurmi da Sardauna a majalisa shi ne a ɗauki leburori na dindindin daga ƙauyukan da ke bakin hawan, a raba musu hanyar, a yashe kowane kwalbati kafin damina ta sauka. Kuma ranar da ƙasa ta zubo, a tsayar da motoci can nesa, kada a bar kowa ya kusanci wurin sai wanda ya san aikin ya hau sama ya duba.