An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Martani ga Masoya "Doka da Oda"

Shimfiɗa

Duk wanda ya saba ratsawa ta ɗakin hutun ɗalibai da daddare, a ranar da aka yi sa'a ba a ɗauke wuta ba, ya san irin musun da nake son yin magana a kansa. Akwai wani rukuni na ɗalibanmu, har da wasu daga cikin malamai, waɗanda idan aka gama gardamar ƙwallo sai su buɗe ta wasan kwaikwayon talabijin ɗin nan na Amurka mai suna Law & Order, wanda muka laƙaba wa suna "Doka da Oda". Na daɗe ina sauraron wannan musu, wani lokaci ma nakan tsoma baki, domin ni ma mai kallo ne. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura cewa shekara da shekaru ana ta da jijiyar wuya a kan wane ɗan sanda ya fi wane, amma ban taɓa jin an tambayi abin da ya kamata ɗalibin adabi ya fara tambaya ba, wato: da idon wa ake nuna mana wannan labari, kuma muryar wa aka danne?

Abin da ake musu a kai

Ga wanda bai san wasan ba, Dick Wolf ne ya ƙirƙiro shi, kuma gidan talabijin na NBC ya fara nuna shi a watan Satumba na 1990. Ya yi zango 20, kashi 456, kafin a dakatar da shi a 2010, sannan aka dawo da shi a 2022. A 1999 ya haifi wani reshe mai suna Special Victims Unit, wanda ya keɓanta ga laifuffukan fyaɗe da cin zarafin yara, kuma reshen ya zo ya fi tushen tsawon rai, domin ya zarce zango 25. Zubin uwar wasan kusan guda ne kullum: a tsinci gawa a wani lungu na birnin New York, 'yan sanda su shafe rabin farko suna bin sawu, masu gabatar da ƙara su karɓi rabi na biyu a kotu, a yanke hukunci kafin sa'a guda ta cika.

To, a kan me masoya ke musu? Wasu sun rantse cewa tun da Jerry Orbach, wanda ya fito a matsayin ɗan sanda Lennie Briscoe daga 1992, ya bar wasan kuma ya rasu a 2004, armashi ya tafi. Wasu na ganin Ben Stone, mai gabatar da ƙara na zango huɗun farko, ya fi Jack McCoy kamala, yayin da magoya bayan McCoy, wanda Sam Waterston ya fara fitowa a matsayinsa a 1994 ya yi ban kwana a 2024, suke cewa zafin nama ya fi kamala amfani. A ɓangaren reshen kuwa, babban abin da ya dami jama'a shi ne ko Olivia Benson da Elliot Stabler za su bayyana wa juna soyayya, da kuma dalilin tafiyar Stabler a 2011 da dawowarsa a 2021. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira an bar jaki ana dukan taiki.

Idon wa muka ara?

Sanin kowa ne cewa a tatsuniya idan Gizo ya yaudari Kura mukan yi dariya, alhali kuwa abin da ya aikata zamba ce tsagwaronta. Dalili shi ne mai tatsuniya ta ajiye mu a bayan Gizo tun daga "ga ta nan, ga ta nanku". Mun san yunwarsa, mun san Ƙoƙi na jiransa a gida, ita kuwa Kura ba mu taɓa bin ta raminta mun ga 'ya'yanta ba. Ashe ke nan inda mai ba da labari ya tsayar da mai sauraro, nan ne tausayinsa zai sauka. Wannan darasi ne da muke koyarwa a shekarar farko, amma da zarar mun zauna gaban talabijin sai mu manta da shi.

"Doka da Oda" bai ɓoye inda ya tsayar da mu ba. Muryar da ke buɗe kowane kashi takan shaida mana cewa rukuni biyu ne ke wakiltar jama'a a harkar shari'a, 'yan sanda masu bincike da lauyoyin gwamnati masu gabatar da ƙara. Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma ba ya cikin lissafi, sai ka ce shi wanda ake tuhumar ba ɗan jama'a ba ne. A wasan Perry Mason, wanda aka nuna daga 1957 zuwa 1966, babban tauraro lauya ne mai kare mutumin da aka ɗora wa laifin da bai yi ba. "Doka da Oda" ya juya wannan tsari, ya miƙa tauraruntaka ga mai tuhuma. Daɗin daɗawa, kafin lauya mai kariya ya buɗe baki mun riga mun shafe rabin sa'a tare da gawa, mun ga hawayen uwa, mun sha wahalar bin sawu tare da Briscoe. Saboda haka idan lauyan ya miƙe ya ce an yi binciken gida ba da izinin kotu ba, ko an tatsi bayani daga bakin yaro ba lauya a kusa, sai mu ji kamar mu shaƙe shi. Dokar da aka kafa domin ta tsare mu daga zalunci ta koma, a idonmu, wata dabara ta 'yan wayo mai kuɓutar da mugu.

Wata rana ina zaune a ɗakin hutun nan aka nuno Stabler ya damƙi kwalar wani mutum a ɗakin tambayoyi ya maka shi da bango, sai ɗaki ya kaure da tafi. Wanda ya fi kowa ihu wani ɗalibina ne da, mako biyu kafin nan, ya zo ofishina da kumburarren kunci yana ba ni labarin marin da ya sha a wani shingen bincike saboda ya ƙi miƙa wayarsa. Na tambaye shi bambancin marin nan biyu. Ya ce, "Ai Malam, wancan mai laifi ne." Na ce da shi, wa ya gaya maka? Marubucin wasan ne ya gaya masa. Shi kuwa wanda ya mare shi a kan hanya, a nasa labarin, shi ne Stabler.

Manhattan ta gaskiya

Bari mu fita daga akwatin talabijin mu leƙa unguwar da wasan ya ara. A watan Afrilu na 1989 aka yi wa wata mata fyaɗe da mummunan duka a gandun shaƙatawa na Central Park da ke Manhattan. 'Yan sanda suka kama samari biyar 'yan shekara 14 zuwa 16, huɗu baƙaƙen fata, ɗaya ɗan asalin Latin Amurka. Bayan doguwar tuhuma, huɗu daga cikinsu suka amsa laifi a gaban na'urar ɗaukar hoto, daga baya suka ce tilasta musu aka yi. An same su duka da laifi a 1990, shekarar da aka fara nuna "Doka da Oda", kuma ofishin da ya gurfanar da su shi ne ainihin ofishin da wasan yake kwaikwaya. Sai a 2002 wani fursuna mai suna Matias Reyes ya ce shi kaɗai ya aikata, gwajin ƙwayoyin halitta ya gaskata shi, kotu ta soke hukuncin bayan samarin sun riga sun ƙare ƙuruciyarsu a tsare. A 2014 birnin ya amince ya biya su diyyar dala miliyan 41. Da a ce wannan shari'a kashi ce ta wasan, da an rufe ta a 1990, mu kuma mun tafa mun tafi barci.

Haka kuma, zazzafar muhawarar kotu da ke burge masoya ba ita ce hanyar da yawancin shari'u ke bi a Amurka ba. Kotun Ƙolin ƙasar da kanta ta faɗa a wani hukunci na 2012 cewa kashi 97 cikin 100 na waɗanda kotunan tarayya suka samu da laifi, da kashi 94 na kotunan jihohi, amsa laifi suka yi ba tare da an yi zaman shari'a ba. Akasari ciniki ne: ka amsa a rage maka, ka ƙi a nemi a lafta maka. Talakan da ba ya da kuɗin beli ya san abin da ƙi yake nufi. Alal misali, Kalief Browder yana ɗan shekara 16 aka kama shi a unguwar Bronx a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Ya ƙi amsawa, ya shafe shekara uku a kurkukun Rikers, kusan biyu a ɗakin kaɗaici, ba a taɓa yi masa shari'a ba, daga ƙarshe aka janye ƙarar. Ya kashe kansa a 2015. Irin wannan jiran ba ya cika sa'a guda ta nishaɗi, don haka ba shi ne abincin wasan ba.

Hujjojin masoya

Na san amsoshin da za a ba ni, domin na sha jin su. Ta farko ita ce wai nishaɗi ne kawai. Ina mamakin jin wannan daga bakin ɗalibin da ya rubuta mini shafi goma a kan yadda tatsuniya ke tarbiyyantar da yara. Idan labarin da kaka ta bayar a tsakar gida yana gina hali, ta yaya labarin da aka maimaita sau ɗaruruwa cikin shekara fiye da 30 zai wuce ba tare da ya bar komai a zuciya ba? Wa'azin da aka san wa'azi ne akan auna shi, wanda ya shigo da rigar wasa kuwa haɗiye shi ake yi.

Ta biyu ita ce wasan yakan nuna gurɓatattun 'yan sanda, kuma McCoy yakan faɗi shari'a ko ya taka doka. Wannan gaskiya ne, kuma irin waɗannan kashi su ne mafi inganci. Sai dai a lura da wanda ke gyara ɓarnar: kusan kullum wani ɗan sanda ne nagari, ko wani mai gabatar da ƙara mai tsoron Allah. Saƙon shi ne gidan lafiya lau yake, ɓera ɗaya ne ya shigo. Kuma idan McCoy ya faɗi, baƙin ciki ake so mu yi, domin an riga an nuna mana cewa wanda aka sallama shi ne ya yi kisan.

Ta uku ta fi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Reshen wasan ya sa an yi maganar fyaɗe a fili, mata da yawa sun ce sun sami ƙarfin hali daga ganin Benson tana sauraron wadda aka zalunta ba tare da zarginta ba, kuma Mariska Hargitay, mai fitowa a matsayinta, ta kafa gidauniyar Joyful Heart a 2004 domin taimakon irin waɗannan mata. Amma ita kanta gidauniyar ta shafe shekaru tana fafutuka a kan dubban samfuran shaidar fyaɗe da aka jibge a ma'ajiyar 'yan sanda ba a gwada ba. Wato 'yar wasan ta san Benson ba ta yawaita a duniya ba. Masoyanta ne ba su sani ba.

Kammalawa

Me ya shafe mu da abin da ke faruwa a New York? Ya shafe mu domin mu ne muke tafin. Muna zaune a ƙasar da kimanin kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yari jiran shari'a suke yi, ƙasar da sai da ta kafa dokar hana azabtarwa a 2017, kuma matasanta suka cika tituna a watan Oktoba na 2020 suna kuka da rundunar SARS. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai an tabbatar, kuma tun kafin zuwan Turawa alƙalanmu sun san cewa kawo hujja yana wuyan mai ƙara. Daga cikin masu tafi a ɗakin hutu za a sami lauyoyi da alƙalai da jami'an 'yan sanda na gobe, kuma abin da mutum ya saba tafa wa ba zai yi masa wuyar aikatawa ba.

Ban ce a daina kallo ba, ni ma ba zan daina ba, kuma idan aka matsa mini zan ce Briscoe ya fi su duka. Roƙona ga ɗalibanmu shi ne su shiga ɗakin kallo da kayan aikin da muka ba su a aji. Idan an maka wani da bango, su tambayi kansu me suka sani game da shi in ban da abin da mai maka shi ya faɗa. Masu sha'awar rubutu a cikinsu kuwa, ga aiki: a ɗauki kashi guda na "Doka da Oda" a sake rubuta shi daga bakin uwar yaron da aka kama, tun daga daren da aka buga mata ƙofa. Shafukan wannan mujalla a buɗe suke, kuma zan so in ga wanda zai karanta ya tafa.